Baje kolin hotunan Una Marson, baƙar mace ta farko mai shirya shiri a BBC: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga masu son haɗa nunin hotuna don tunawa da Una Marson, ko a ɗakin karatu ne, ko a jami'a, ko a zauren gidan rediyo. Wasu sun shafi tarihinta, wasu kuwa aikin hannu ne zalla: neman hoto, bugawa, ratayewa, haske da sauti.

Wace ce Una Marson?

'Yar Jamaika ce, an haife ta ranar 6 ga Fabrairun 1905 a gundumar St Elizabeth, mahaifinta limamin cocin Baptist ne. Tun kafin ta shiga rediyo ta yi suna da alƙalami. A 1928 ta kafa mujallarta mai suna The Cosmopolitan a Kingston, ta kuma wallafa littattafan waƙoƙi a 1930 da 1931. A 1932 ta tafi Landan, ta sauka a gidan Dakta Harold Moody a unguwar Peckham, ta yi sakatariyar ƙungiyarsa ta League of Coloured Peoples mai fafutukar haƙƙin baƙaƙe. A 1935 ta halarci taron mata na duniya a Istanbul. A 1936 tana cikin tawagar Sarki Haile Selassie na Habasha da ta je Jeneba kai ƙarar mamayar Italiya. A 1941 BBC ta ɗauke ta cikakkiyar ma'aikaciya a sashen da ke watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Ta rasu a Kingston ranar 6 ga Mayun 1965 tana da shekara 60.

Ana cewa ita ce ta farko. Ta farko a me?

A nan ake yawan yin tuntuɓe tun daga allon bakin ƙofa. Ita ce baƙar mace ta farko da BBC ta ɗauka a matsayin mai shirya shiri. Ba ita ce baƙar fata ta farko da aka ji a tashar ba, domin makaɗa da mawaƙa baƙaƙe sun sha fitowa tun shekarun 1930, irin su Ken Johnson ɗan Guyana, wanda bam ya kashe a wani gidan rawa na Landan a Maris 1941. Bambancin babba ne. Makaɗi ana gayyato shi ya yi wasansa a biya shi ya tafi. Mai shirya shiri kuwa shi ke zaɓar wanda zai yi magana, ya duba rubutu, ya tsara minti nawa kowa zai samu. Wannan kujera ce Marson ta hau, kuma ita ya kamata nunin ya fito da ita fili.

Wane irin shiri take yi?

Sunan shirin Calling the West Indies. Ana watsa shi a kan gajeren zango zuwa tsibiran Karibiyan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sojoji da ma'aikatan masana'antu 'yan tsibiran da ke Birtaniya sukan zo gaban makirufo su aika gaisuwa gida, a haɗa da hira da kiɗa. Duk wanda ya taso yana sauraron filin gaishe-gaishe ya san nauyin da ke tattare da jin sunanka a rediyo, balle uwa ta ji muryar ɗanta da ke bakin daga. Sannu a hankali Marson ta shigo da karatun waƙoƙi da gajerun labarai na marubutan yankin, daga nan ne shirin adabi na Caribbean Voices ya samo tushe.

Akwai wani abu da hoto ba ya faɗa, sai an rubuta shi a ƙasa: Jamaika na bayan agogon GMT da awa 5. Ƙarfe bakwai na yamma a Kingston sha biyun dare ne a agogon GMT. Abin da za a saurara can da almuru, ko dai a raba dare a situdiyo, ko a naɗe shi tun da rana a kan faifai.

Aikinta na murya ne. Me hoto zai iya nunawa?

Wannan ita ce matsalar nunin gaba ɗaya. An ce gani ya kori ji, amma a nan jin ne asalin aikin, ganin kuwa ɗan abin da ya rage ne. Idan aka jera hoto ashirin na mace zaune gaban makirufo, mai kallo zai gaji tun a na biyar.

Maganin shi ne a nuna aikin da ke kewaye da muryar. A nemi shafin rubutun shiri mai gyare-gyaren fensir da alamar mai tace labarai na lokacin yaƙi. A nemi jadawalin shirye-shirye, da takardun ofis, da bangon mujallar The Keys da ƙungiyar Moody ke bugawa. A sa fuskokin waɗanda ta kawo gaban makirufo, kamar Learie Constantine, ɗan wasan kurket daga Trinidad wanda a 1969 ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan Birtaniya, da Ulric Cross, jami'in rundunar sojan sama wanda daga baya ya yi aikin shari'a a Ghana da Kamaru da Tanzaniya. Ma'auni mai kyau: kashi ɗaya cikin uku fuskarta, kashi ɗaya mutanenta da wurarenta, kashi ɗaya takardu.

A ina ake samun hotunan?

Wurare huɗu ne manya. BBC na da nata rumbun hotuna, takardunta kuma suna cibiyar adana rubuce-rubuce da ke Caversham kusa da Reading, inda sai an nemi izini an sa rana kafin a shiga. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum na riƙe da hotuna da finafinan Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Birtaniya na lokacin yaƙin. Babban ɗakin karatu na ƙasar Jamaika da ke Kingston na da takardunta. Sai jaridar Gleaner ta Jamaika, wadda ke da tsohon rumbu mai zurfi. Kowanne da tsarinsa da farashinsa, kuma kada a ɗauka amsa za ta zo cikin mako guda. A rubuta musu da lambar hoton da ke cikin kundinsu, da girman da za a buga, da ranar buɗewa da rufewa, da ko za a karɓi kuɗin shiga. Wasiƙar da ta ce kawai "muna son hotunan Una Marson" ita ce ke kwana a ƙasan tari.

Me ya sa ake ta maganar hotonta da George Orwell?

Shi ne hotonta da ya fi yawo a duniya. An ɗauke shi a 1942 lokacin shirin rubutattun waƙoƙi mai suna Voice da Orwell, marubucin Ingila, ke shiryawa domin masu sauraro a Indiya. Mutum goma ne a ciki, bakwai a zaune, uku a tsaye. Orwell da marubuci William Empson suna tsaye a baya. Marson ce ta huɗu cikin na zaunen, wato tsakiya sak, T. S. Eliot marubucin waƙoƙi a gefe guda, Mulk Raj Anand marubucin Indiya a ɗaya gefen, makirufo a gabansu.

Abin haushin shi ne an daɗe ana buga shi a matsayin hoton Orwell da Eliot, sauran mutane takwas su zama kayan ado. A nunin da aka yi dominta, a buga shi babba, kada a yanke gefensa, a kuma jera sunan kowa daga hagu zuwa dama a ƙasa. Amma kada a sa shi a bangon farko. Idan shi ya tarbi baƙi, an sake gabatar da ita da sunan maƙwabtan kujerarta ke nan. Wurinsa tsakiyar ɗaki, bayan mai kallo ya riga ya san mujallarta da tafiyarta Jeneba da shirinta na kanta. Wani abin lura ga mai rubuta bayanin: ba a samu ko faifai ɗaya mai muryar Orwell ba duk da shekara biyu da ya yi a BBC, ita kuwa muryarta ta tsira a fim.

Waɗanne kurakuran tarihi ne suka fi shiga irin wannan nuni?

Uku ne ke dawowa kullum.

Na farko, jirgin ruwan Empire Windrush. Da an ce 'yan Karibiyan a Birtaniya, hannu sai ya tafi ga hotunan mutanen da suka sauka daga wannan jirgi a tashar jiragen ruwa ta Tilbury a Yunin 1948. Marson ta koma Jamaika tun 1946. Ita ta zamanin da ya gabaci Windrush ce, hakan ma na cikin abin da ya sa labarinta ke da daraja.

Na biyu, ginin Bush House. Masu sauraron Sashen Hausa sun san sunan nan kamar gidansu, domin daga can BBC ta yi ta watsa shirye-shiryenta na ƙetare har 2012. Amma a lokacin yaƙi sassan Turai ne ke Bush House, sauran sassan ƙetare sai a ƙarshen shekarun 1950 suka tare. Sashen su Orwell, alal misali, a lamba 200 titin Oxford yake daga 1942. Kada a liƙa hoton Bush House a rubuta "inda take aiki".

Na uku, manyan marubutan da Caribbean Voices ya fito da su: Derek Walcott, V. S. Naipaul, George Lamming, Sam Selvon. Sun zo ne bayan Henry Swanzy ya karɓi shirin a 1946, shirin kuma ya ci gaba har 1958. Ita ta haƙa harsashi, wannan ya ishe ta yabo. Ba sai an ce ita ta gano Walcott ba.

Hotunan asali za a rataya ko kwafi?

Kwafi, sai in gidan tarihi ne mai na'urar daidaita zafi da danshi dare da rana, da inshora, da mai gadi. Manyan rumbuna ba sa ba da aron asali sai sun ga rahoton yanayin ɗakin na watanni. Kwafin da aka buga da kyau ba ya rage wa mai kallo komai, muddin an rubuta a ƙasa cewa sabon bugu ne daga hoton shekara kaza.

Wane girma fayil zai kai kafin a buga shi babba?

Lissafin mai sauƙi ne. Hoton takarda mai inci 8 da 10, idan aka yi masa sikanin a ɗigo 600 kowane inci, zai ba da ɗigo 4,800 da 6,000. A buga shi a ɗigo 300 kowane inci, a samu santimita 41 da 51. A sauko zuwa 200, a samu 61 da 76, wanda ya wadatar ga hoton da za a kalla daga nisan mita ɗaya da rabi. A nemi fayil ɗin TIFF mai zurfin 16-bit, nauyinsa wajen megabait 58 in baƙi da fari ne. JPEG na matse bayanan da ke cikin inuwa, a can kuwa fuskar take.

Hoton da aka sauke daga intanet mai faɗin ɗigo 800 ba ya wuce santimita 10 a bugu. Duk wanda ya ja shi ya kai rabin mita, sai ido da baki su narke su zama dusu-dusu. Babu wata manhaja da ke dawo da abin da babu shi a fayil.

Me ya sa fuskar baƙar fata ke fitowa baƙi ƙirin a wasu bugu?

Abu biyu ke haɗuwa. Masu ɗaukar hoto na lokacin sukan auna haske da fararen fuskoki da fararen riguna da ke ɗakin, sai fuska mai duhu ta faɗa can ƙasan ma'auni. Sannan injin bugawa na yau, musamman a takarda marar sheƙi, yana tattara duk launukan da ke kusa da baƙi ya mai da su baƙi ɗaya. Sakamakon shi ne idanu da haƙora kawai ke fita, kunci da goshi su ɓace.

Gyaran ba hasken fuskar ba ne. A buɗe inuwar hoton gaba ɗaya kaɗan-kaɗan har sai an ga layin kunci da saƙar gashi, ba tare da an taɓa fuskar ita kaɗai ba. Sai a buga ɗan tsiri mai faɗin santimita 10 wanda ya ratsa fuskar, a ainihin girman da za a rataya, a kan ainihin takardar, a kai shi ƙarƙashin ainihin fitilar ɗakin. Allon kwamfuta yana da haskensa, yakan nuna abin da takarda ba za ta nuna ba. Takarda mai ɗan sheƙi ta fi riƙe baƙi mai zurfi fiye da marar sheƙi. Ku sa ran tsiri uku ko huɗu kafin a dace.

A kula sosai da wannan, domin a littafinta na 1937 akwai waƙoƙi kan matan da ke miƙar da gashi da shafa man bilicin don a so su. A ce mai bugu ya ɗauki wannan mata ya haskaka mata fata, ai an zage ta a gidan bikinta.

Za a iya sa wa hotunan launi da manhajar ƙirƙirarriyar basira?

A'a. Manhajar cinta take yi: launin riga, launin fata, har da siffar haƙori da kunne idan aka ce ta ƙara kaifi. Abin da ya fito ba shaida ba ne kuma. Yawancin rumbuna ma sun hana canza hoto a cikin sharuɗɗan izininsu.

Idan hoton a tsohuwar jarida kaɗai ya rage fa?

Hoton jarida ɗigo-ɗigon tawada ne, wajen layi 65 zuwa 85 a kowane inci. Idan aka yi masa sikanin a ƙaramin ma'auni aka sake bugawa, ɗigon jarida da na inji sukan yi karo, sai wani zane kamar igiyar ruwa ya bayyana a fuska. A yi sikanin a ɗigo 600 zuwa sama, a sa baƙar takarda a bayan shafin don rubutun ɗaya gefen kada ya leƙo. Mafi kyau kuma a nuna shafin gaba ɗaya, da kanun labari da kwanan wata da tallace-tallacen da ke gefe, a matsayinsa na jarida. Yanko hoton shi kaɗai a faɗaɗa shi ba ya haifar da ɗa mai ido.

Hoto nawa ɗaki zai ɗauka, kuma yaya za a jera?

A ɗauki ɗaki mai mita 10 da 8. Kewayensa mita 36. A cire ƙofofi da tagogi da kusurwoyi, a bar wajen mita 28. Firem mai faɗin santimita 50 da tazarar 40 na cin santimita 90, wato wuri 31. A ware shida don allunan bayani da wurin sauraro, saura 25. Wannan ya isa, kuma ya fi 60 da aka cusa.

Tsakiyar kowane firem ya zauna a santimita 150 daga ƙasa. A ja zare a wannan tsayi kewaye da ɗakin, a auna daga gare shi, kada a auna daga silin, domin silin da daɓe ba safai suke tafiya daidai ba. Ƙusa biyu ga kowane firem, ba ɗaya ba, in ba haka ba kullum da safe sai an bi ana miƙe su. A bar fili aƙalla mita ɗaya da rabi a tsakiya don keken guragu ya juya.

Jerin shekaru ya fi dacewa da ita: Jamaika zuwa 1932, Landan da fafutuka zuwa 1936, komawa gida da dawowa a 1938, BBC daga 1941, sai shekarun ƙarshe. A ba bangon BBC mafi tsawo, amma kada ya haɗiye sauran.

Haske da danshi da firem fa?

Ga hoton asali ko tsohuwar takarda, haske kada ya wuce luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), zafi kusa da digiri 20, danshi tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari, ba tare da hawa da sauka ba. Ɓarnar haske taruwa take yi kuma ba ta komawa: luks 50, awa 8 a rana, kwana 6 a mako, mako 12, ya kama luks-awa 28,800, kuma masu ba da aro da wannan jimilla suke lissafi. Sabon bugu yana jure luks 150 zuwa 200. A yi amfani da fitilar LED, a karkata ta kusan digiri 30 daga saman bango don kada gilashi ya mayar da haske idon mai kallo. Rana kada ta taɓa bango ko na minti goma.

A cikin firem, hoto kada ya manne da gilashi. A sa kwali marar asid mai taga a tsakaninsu, in ba haka ba danshi zai liƙe fuskar hoton da gilashin, ranar cirewa ta tafi tare da shi. A riƙe hoton da 'yan kusurwoyin takarda. Ban da gam, ban da salatif, ban da laminatin. Mai taɓa asali ya sa safar hannu ta roba marar hoda, domin zanen yatsa na cin azurfar hoto a hankali, sai bayan shekaru ya fito ruwan ƙasa.

Me za a rubuta a ƙarƙashin kowane hoto?

Wa ke ciki, ina, yaushe, wa ya ɗauka, wa ke da shi. Bayan haka jimla biyu ko uku, kada duka su wuce kalma 50. Harafi ya kai girman 18 zuwa 24, baƙi a kan fari.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a tsallake ba: dalilin ɗaukar hoton. Yawancin hotunan Marson na lokacin yaƙi hotunan farfaganda ne, an shirya su don nuna cewa daular Birtaniya tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya. Kowa na murmushi, kowa tsaf da kayan sarki. A wannan lokacin ne wani otal a Landan ya ƙi ba Constantine masauki saboda launin fatarsa, har ya kai ƙara ya yi nasara a 1944. Ita kanta Marson ta sha tsangwama daga wasu abokan aiki. Idan bayanin ya yi shiru kan wanda ya sa aka ɗauki hoton, nunin ya zama ya ci gaba da aikin ma'aikatar da ta ɗauke shi, shekara tamanin bayan yaƙi ya ƙare.

Yaya za a shigo da muryarta?

Hanya mafi sauƙi ita ce gajeren fim ɗin West Indies Calling na lokacin yaƙin, inda take gabatar da Constantine da Cross a gaban makirufo. A nemi izininsa daban, domin izinin hoto bai shafi fim ba. A yanki minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya riƙa maimaita kansa. Abin saurare na kunne guda biyu a kan igiya ya fi lasifika, saboda ɗaki mai siminti da tayil yana amsa kuwwa, murya ɗaya sai ta cika ko'ina ta hana karatu. A manna rubutun abin da take faɗa a gefe, da fassararsa, don kurame da waɗanda Ingilishin shekarun 1940 zai yi wa nauyi.

Idan wani ya kawo tsohon faifan naɗi irin na lokacin, mai farantin ƙarfe ko gilashi da aka shafe da baƙin fenti, kada a ɗora shi a kan garmaho don a ji abin da ke ciki. Fentin na tsagewa yana ɓarewa, allura ɗaya na iya share shi har abada. Farin gari-gari a samansa alama ce ya fara lalacewa. A kai wa ƙwararru su kwafe shi zuwa fayil ɗin WAV.

Hotunan sun tsufa. Ba su fita daga haƙƙin mallaka ba?

Wasu sun fita, wasu ba su fita ba. Hotunan da gwamnatin Birtaniya ta ɗauka lokacin yaƙi haƙƙinsu na shekara 50 ne, ya ƙare tuni, amma gidan da ke riƙe da su na cajin kuɗin ba da fayil mai kyau, yana kuma gindaya sharuɗɗa. Hotunan BBC da na jaridu sai da izininsu. Waƙoƙinta kuwa, a dokar Birtaniya haƙƙin marubuci na kaiwa shekara 70 bayan rasuwarsa, nata ke nan sai ƙarshen 2035. Kafin a rubuta baiti a bango a nemi masu kula da gadonta. A tabbata izinin ya ambaci fosta da Facebook da ɗan littafin nuni, domin izinin bango kaɗai bai haɗa da su ba.

A faɗi rashin lafiyarta ko a rufa?

A faɗa, a taƙaice. Nauyin aiki da kaɗaici da wariya sun taru a kanta, ciwon damuwa ya kama ta, aka kwantar da ita, ta koma Jamaika a 1946. Allo ɗaya ya isa, ba tare da takardun asibiti ba. Kuma kada nunin ya tsaya a nan kamar rayuwarta ta ƙare. Ta koma aikin wallafa littattafai a Kingston, ta zauna a Amurka a shekarun 1950, ta ci gaba da rubutu. A bangon ƙarshe ana iya sa allon tunawa da ƙaramar hukumar Southwark ta manna a gidan da ta zauna a Camberwell a 2009, da ɗakin karatun da hukumar ta sa wa sunanta.

Za a iya kawo irin wannan nuni Kano ko Damagaram?

Ƙwarai, kuma akwai igiyar da ta haɗa. Gidan da ya ɗauki Marson a 1941 shi ne ya buɗe Sashen Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15 a muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Allo ɗaya kan haka ya wadatar, ba sai an mai da nunin na Sashen Hausa ba.

Yanayi ne abin tsoro. A hunturu danshi na faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, takarda ta bushe ta nannaɗe, ƙura kuma ta shiga ta bayan firem. A rufe bayan kowane firem da tef ɗin takarda kewaye. Idan robar gilashi aka sa maimakon gilashi, kada a goge ta da busasshen ƙyalle, tana jan ƙura kuma tana karcewa. Da damina matsalar funfuna ce: a sa ɗan toshe mai kaurin santimita ɗaya a kusurwoyin bayan firem don iska ta ratsa, kada kuma a rataya a bangon da ruwa ke bugu ta waje. Na'urar sanyaya ɗaki da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ta fi rashinta illa, saboda gumin da ke taruwa cikin gilashi. Fanka da tagogi masu labule sun fi. A rubuta bayani da Hausa a sama, Ingilishi ko Faransanci a ƙasa.

Wata nawa shiri ke ci, kuma ina kuɗin ke tafiya?

A ba shi wata 9 zuwa 12. Uku na farko bincike da zaɓe, uku na biye neman izini, wanda shi ke jan ƙafa. Sai wata biyu na rubuta bayani da sa wani masanin tarihi ya bi kowace shekara da kowane suna. Bugu da firem wata ɗaya, ratayewa kwana uku zuwa biyar. Kuɗin izini da na firem su ke cin kaso mafi tsoka. Hanyar rage na firem ita ce a tsaya kan girma biyu kacal, yadda za a sake amfani da su a wani nunin. A ware kashi 10 cikin ɗari na kasafi don sake bugu, domin da wuya a rasa sunan da aka rubuta ba daidai ba ko gilashin da ya fashe a mota.

Bayan an rufe, me za a yi da hotunan?

A duba takardar izini tukuna. Wasu rumbuna na sharɗanta a lalata bugun ko a mayar musu, wasu na yarda a ajiye amma ba a sake nunawa sai an sabunta izini. Waɗanda za a ajiye a cire su daga firem, a sa takarda marar asid tsakanin kowane biyu, a kwantar da su cikin kwali mai murfi a kan kanta, nesa da ƙasa saboda gara da ruwa. Fayilolin a adana su wuri biyu daban, tare da jerin lambar kowane hoto, da sunan mai shi, da ranar da izininsa zai ƙare.